Tambaya da Amsa: Finafinan da Ba Sa Magana

Assalamu alaikum masu karatu. Tun ranar da na ambata a wannan fili cewa yawancin finafinan da na fi ƙauna an yi su ne kafin 1935, wasiƙu ba su daina shigowa ba. Wasu mamaki suke yi, wasu shawara suke nema, wasu kuwa ƙarara suka ce ba su yarda ba. Ga waɗanda na tsamo.

Tambaya: Malam, saboda yabon da kake yi na nemo wani fim na Charlie Chaplin a wayata. Wallahi ban kai minti goma ba na kashe. Mutane na ta sauri kamar ana korarsu, hoton dishi-dishi, ga wani kiɗan fiyano da ba ya tsayawa ya huta. Anya ba tsufan kawai kuke yabo ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ban ga laifinka ba. Amma ka sani abin da ka kalla ɗin nan ba shi mutanen zamanin suka gani a silima ba.

Mu fara da saurin. A wancan lokaci da hannu ake juya kyamara, kamar yadda ake juya keken ɗinki na hannu, kuma yawanci hoto 16 zuwa 20 ake ɗauka a daƙiƙa ɗaya, wani lokaci ya ɗara haka. Da sauti ya shigo a ƙarshen shekarun 1920 sai aka tsayar da shi a kan 24, domin murya ba ta jure a riƙa sauya mata gudu. To, ɗauki fim ɗin da aka yi a kan 16 ka saka shi a majigin da ke gudu a kan 24. Tafiyar da ya kamata ta ci minti uku a minti biyu za ta ƙare. Dattijon da ke takawa a natse sai ya koma mai sassarfa, matar da ke juyayi ta koma kamar mai rawar ɗari. Gaskiya ne masu barkwanci kan rage juyin kyamara da gangan a wurin guje-guje don abin ya fito da zafi, amma wannan gishiri ne da aka auna, ba a barbaɗa shi a fim ɗin gaba ɗaya ba.

Dishi-dishin kuwa, kwafin kwafin kwafi ne aka ba ka. Kowane kwafi yana cinye wani abu daga hoton, har fuska ta koma farin dunƙule mai ɗigo biyu a madadin idanu. Idan ka samu wanda aka gyara daga zaren fim na asali, za ka ga facin da ke jikin kwat ɗin Chaplin, za ka ga ƙurar da ke tashi a bayan takalminsa.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni da Nosferatu, fim ɗin da F. W. Murnau ya yi a Jamus a 1922. Labarin wani dodo ne mai shan jini wanda hasken rana ke halaka shi. A kwafin da na fara gani, baƙi da fari, sai ga dodon nan rungume da akwatin gawarsa yana ratsa gari da rana tsaka, inuwarsa a ƙasa. Na ce wannan ai rainin hankali ne. Sai bayan shekaru na ga kwafin da aka gyara, a daidai wurin nan allon ya rine da shuɗi. Ashe dare ne. Kayan aikinsu ba sa iya ɗaukar hoto a duhu, don haka da rana suke ɗauka, sannan a tsoma zaren a rini: shuɗi dare, ruwan ɗorawa rana ko hasken fitila, ja gobara. Masu kallo na lokacin sun san wannan yare sarai. Wanda ya yi kwafina na farko ya wanke launin, ya tafi da daren gaba ɗaya, ni kuma na ɗora wa Murnau laifin da ba nasa ba.

Kiɗa ma haka. Ba a taɓa nufin a kalli finafinan nan shiru ba. Manyan gidajen silima na da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, ƙanana na da mai fiyano ɗaya da ke kallon allo yana bin abin da ke faruwa. A Japan har mutum ake tsayarwa gefen allo, ana ce masa benshi, yana ba da labari yana kwaikwayon muryar kowa, kuma wasunsu sun yi sunan da domin su ake cika silima. Abin da ka ji a wayarka, mai yiwuwa wani ne ya ɗauko kiɗan da ya samu ya liƙa, ko fim ɗin bai kalla ba. Idan kiɗan na faɗa da hoton, kashe shi ka nemi wani kwafin.

Sai wayar kanta. Fim mai magana yana yi maka uzuri idan ka kau da ido, kunne zai riƙe maka zaren labarin. Wannan ba ya yi. Ka duba saƙo na daƙiƙa biyar, ka rasa kallon da wata ta yi wa wani, alhali labarin duka a kan kallon nan yake tafiya. Nemi allo mafi girma da kake da shi, kashe fitila, kife wayar, ka sake gwadawa.

Tambaya: Malam, ni uwa ce mai 'ya'ya uku. Da wanne zan fara, wanda za mu iya kallo tare? Kuma a ina zan samu?

Amsa: Malama, fara da Buster Keaton. Sherlock Jr. na 1924 minti 45 ne kacal. Keaton ma'aikacin silima ne mai kunna majigi, barci ya ɗauke shi, a mafarki ya taka ya shige cikin allon. Da shigarsa sai wuri ya riƙa sauyawa a ƙarƙashin ƙafarsa: zai zauna a benci ya tsinci kansa a tsakiyar titi, zai yi tsalle cikin teku ya faɗa cikin dusar ƙanƙara. Shekara ɗari ke nan, har yau mutum sai ya tsaya yana lissafin yadda aka haɗa shi. A fim ɗin ne ruwan tankin jirgin ƙasa ya maka shi a kan dogo, ya tashi ya ci gaba da aiki, sai bayan shekaru likita ya gano ashe ƙashin wuyansa ya tsage.

Daga nan ku wuce Steamboat Bill, Jr. na 1928. Guguwa na ɗaiɗaita gari, Keaton na tsaye a titi yana shafa ƙeya, ya ba wani gida baya. Sai gaban gidan gaba ɗaya, bene da ƙasa, ya ɓalle ya rikito a kansa. Ƙura ta lafa, yana nan tsaye inda yake, domin tagar sama da ke buɗe ce ta zo daidai jikinsa. Bango ne na katako na gaske, kuma tazarar da ke tsakanin kafaɗarsa da gefen tagar ba ta wuce 'yan inci ba. Ranar da na nuna wa ƙaramar 'yata, ba ta yi dariya ba da farko. Hannu ta sa ta rufe baki, can ta ce, "Baba, mayar baya." Sau huɗu muka mayar.

Akwai Safety Last! na Harold Lloyd, 1923, inda yake reto a hannun agogo a jikin dogon bene. Ki lura da hannunsa na dama: safar hannu ce ta musamman, domin tun 1919 wani bam da aka zaci na wasa ne ya fashe ya cire masa babban yatsa da manuni. Na Chaplin kuwa, The Kid na 1921 ya fi dacewa da yara, sai dai ki tanadi amsa don za su tambaye ki dalilin da ya sa za a ƙwace yaron. Ni dai Keaton ya fi kwanta mini, saboda ba ya roƙon tausayina. Amma ƙarshen City Lights na 1931, inda mai sayar da furannin da idonta ya buɗe ta gane mai taimakonta ta hanyar taɓa hannunsa, ban taɓa kallonsa ido a bushe ba.

Samun su ba wuya. A dokar Amurka haƙƙin mallakar irin waɗannan finafinai kan ƙare bayan shekara 95, shi ya sa suke birjik a YouTube da Internet Archive. Wahalar ita ce zaɓen kwafi. Ki duba farkon fim ɗin ko akwai sunan wanda ya gyara shi, kamar Cineteca di Bologna ta Italiya, ko Gidauniyar Murnau ta Jamus, ko BFI, wato cibiyar finafinai ta Ingila, ko Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Hoton kuma ya kasance kusan murabba'i, da baƙi hagu da dama. Idan ya cika faɗin allon talabijin, to ko an ja shi mutane sun kumbura, ko an yanke musu kai da ƙafa.

Tambaya: Me ya sa 'yan wasan suke zare ido, suna dafe ƙirji, suna ɗaga hannu sama? Wannan ai ba wasa ba ne, hauka ne.

Amsa: Akwai gaskiya a maganarka idan finafinan farko-farko kake nufi. 'Yan wasan daga dandamali suka fito, inda dole na kujerar ƙarshe ya gane kana fushi, kuma kyamarar ma nesa ake kafa ta kamar ɗan kallo. Kwalliyar da ke sa su kama da fatalwa ita ma da dalilinta: zaren fim na lokacin ba ya ganin ja, baƙi yake fito da shi, shuɗin ido kuma ya fito fari fat, sai an yi ta shafe-shafe kafin fuska ta fito daidai.

Amma kada ka auna shekara talatin da ma'aunin shekara goman farko. Daga nunin da 'yan'uwan nan Lumière suka yi a Faris ran 28 ga Disamba 1895, na 'yan finafinan da kowanne bai kai minti ɗaya ba, zuwa ƙarshen shekarun 1920, sana'ar ta yi nisan da ba ka zato. Da kyamara ta matso kusa da fuska, hannu ya sauka.

Nemi La Passion de Jeanne d'Arc, wanda Carl Dreyer ɗan ƙasar Denmak ya yi a Faransa a 1928, daga ainihin takardun shari'ar da aka yi a 1431 wa Jeanne d'Arc, yarinyar Faransa da ta jagoranci yaƙi da Ingilawa. Ya hana kowa kwalliya. Kusan fim ɗin duka fuskoki ne sun cika allo: alƙalai da tamojinsu da ƙurajensu, ana kallonsu daga ƙasa, sai ita Falconetti, wadda ta fito a Jeanne, leɓe a bushe, ido cike da ruwa. Wani alƙali zai jefo tambayar da tarko ce. Ba ka jin komai, amma kana ganin tambayar ta isa gare ta, ta tsorata, ta nemi amsa ta rasa, can amsar ta zo mata, fuskar ta ɗan washe kafin bakin ya motsa. Kafin a rubuto abin da ta ce a allo ka riga ka sani. Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska, ban san fim ɗin da ya gaskata wannan magana kamar wannan ba. Da aka zo aske mata kai, gashin na zuba ƙasa ana sharewa, sai da na tsayar da fim ɗin na fita na sha iska.

In kuma kana son ganin iyakar abin da hoto zai iya faɗa shi kaɗai, ga Der letzte Mann na Murnau, 1924. Tsohon mai gadin ƙofar otal ne aka ƙwace masa rigar aiki mai maɓallan ƙarfe aka mai da shi mai kula da banɗaki. Kusan babu rubutun bayani a fim ɗin sam. Kafaɗun Emil Jannings, wanda ya fito a tsohon, kawai za ka kalla, da riga da kuma babu riga.

Tambaya: Na lura finafinan 1929 da 1930 masu magana sun fi na 1927 marasa magana gundura. Mutane na tsaye cirko-cirko suna surutu. Ci gaba ne ko ci baya?

Amsa: Idonka ya gani daidai. Na ɗan lokaci ci baya ne.

The Jazz Singer, wanda kamfanin Warner ya fitar ran 6 ga Oktoba 1927, shi ake kira mafarin zamanin magana, amma in ka kalle shi za ka tarar yawancinsa rubutu ne a allo. Waƙoƙi ne da hira ta kusan minti biyu kawai ake ji. Sautin ma ba a jikin zaren fim yake ba, a faifan garmaho yake mai faɗin inci 16, kowane naɗin fim da faifansa. Allura ta yi tsalle, ko zare ya tsinke a ɗaure shi an rasa 'yan hotuna, shi ke nan baki da murya sun raba hanya. Lights of New York na 1928 shi ne dogon fim na farko da aka yi magana tun daga farko har ƙarshe.

Kyamarar da ta saba yawo, ta hau lilo, ta bi mutum a titi, sai aka kulle ta a wani akwati mai tagar gilashi don kada a ji ƙararta, mai ɗaukar hoto na ciki yana zufa. Makirfo kuma ba ya ji daga nesa, sai a ɓoye shi a tukunyar fure ko a bayan wayar tarho, 'yan wasa su taru a kansa. Cirko-cirkon da ka gani ke nan. Ba a iya ɗora murya daga baya yadda ake so ba tukuna. A Blackmail na Alfred Hitchcock, 1929, jarumar, Anny Ondra, Turancinta na da karin harshen Cek, sai aka tsayar da wata 'yar Ingila, Joan Barry, a gefen kyamara tana faɗar kalmomin, ita kuma tana motsa baki. A 1930 da ake ɗaukar Dracula a Amurka, masu Turanci su yi aiki da rana, da dare wasu 'yan wasan dabam su shigo ɗakunan nan su yi nasu da Sifaniyanci. Beben fim kuwa, sauya rubutun allo kawai za ka yi ya zaga duniya. Dubban makaɗan silima ma a 'yan shekarun nan suka rasa abin yi.

Sai dai masu basira ba su daɗe ba suka gane sauti ya wuce surutu. A Blackmail ɗin nan, yarinyar ta kashe wanda ya nemi keta mata haddi da wuƙa. Da safe wata maƙwabciya ta zo tana ta zuba a kan kisan, muryarta na dusashewa a kunnen yarinyar, kalma ɗaya kawai ke fitowa tar: wuƙa, wuƙa, wuƙa. Sai M na Fritz Lang, 1931. Uwa na jiran 'yarta Elsie ta dawo daga makaranta. Ta leƙa matakala ta kira sunanta. Muna jin kiran, muna ganin matakalar babu kowa, ɗakin shanya babu kowa, kujerar yarinyar babu kowa. Sai ƙwallonta ta gangaro daga cikin ciyawa ta tsaya, balan-balan ɗinta ya maƙale a wayar tangaraho. Ba a nuna komai ba, an gama faɗar komai. Makashin yarinyar kuma fiton da yake yi da baki ne ya tona masa asiri, wani makaho mai sayar da balan-balan ya gane shi da kunne. Wannan labari ba zai yiwu a beben fim ba.

Ba kowa ne ya yi gaggawa ba. Chaplin bai yi cikakken fim mai magana ba sai 1940, Yasujiro Ozu na Japan kuma sai 1936.

Tambaya: Yadda ake nuna baƙar fata a wasu tsofaffin finafinan Amurka yana ɓata mini rai. Kai ba ya damunka?

Amsa: Yana damuna ƙwarai, kuma ba na karɓar uzurin cewa zamaninsu ne. The Birth of a Nation na D. W. Griffith, 1915, ya sa Turawa sun shafa baƙi a fuska sun fito a matsayin miyagu, ya mai da 'yan ta'addar Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawa masu ƙin baƙar fata, jarumai. A shekarar nan aka farfaɗo da ƙungiyar. Tun a lokacin ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata ta yi ta fafutukar a hana nuna shi, wato mutanen zamanin ma sun san mugun abu ne. Al Jolson shi ma da baƙin shafe a fuska ya yi waƙa a The Jazz Singer. Ba dole ba ne ka kalle su. In ka kalli na Griffith don sanin tarihi, to ka bi shi da Within Our Gates na 1920, wanda Oscar Micheaux, baƙar fatar Amurka, ya yi, ya nuna rataye bayin Allah da ake yi ba shari'a daga ɓangaren waɗanda ake ratayewa. Kwafi ɗaya tak ya tsira, a Sifen aka same shi.

Tambaya: Waɗanda ake sa wa launi da kwamfuta fa?

Amsa: Ba na kallonsu. Kwamfutar cinta take yi, ta shafe fuska ta yi sumul kamar roba, ta ƙirƙiro hotunan da ba a taɓa ɗauka ba don motsi ya yi santsi. In launi kake so, ga tafiya zuwa duniyar wata ta Georges Méliès, 1902, wadda aka bi hoto ɗaya-ɗaya da buroshi aka shafa wa launi tun a zamaninsa. An gano kwafin a Basalona a 1993, aka nuna shi a gyare a 2011.

Tambaya: Malam, ni masoyin finafinan Indiya ne. Na ji Alam Ara ne na farko mai magana, na neme shi ko'ina ban samu ba. Taimaka mini.

Amsa: Ɗan'uwa, sai haƙuri, ba kai kaɗai ke nemansa ba. Ardeshir Irani ya fitar da shi a Bombay ran 14 ga Maris 1931, da waƙoƙi bakwai, kuma da tsakar dare aka ɗauki yawancinsa saboda ƙarar jiragen ƙasa da ke wucewa kusa da wurin aikin. Yau ba a san inda kwafi ko ɗaya yake ba. Hotuna da takardun talla ne suka rage.

Ba shi kaɗai ba ne. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya ƙirga dogayen finafinai marasa magana kusan dubu 11 da aka yi a ƙasar tsakanin 1912 da 1929. Kashi 70 cikin ɗari sun ɓace ƙurmus, kashi 14 ne kawai suka tsira cikakku a siffarsu ta asali. Har farkon shekarun 1950 da sinadarin naitiret ake yin zaren fim, abin da in ya kama wuta ko a ruwa ka tsoma shi ci yake yi, in an bar shi kuma ya narke ya yi danƙo, daga baya ya zama gari. A Yulin 1937 rumbun kamfanin Fox a jihar New Jersey ya kama da wuta a tsakiyar zafi, yawancin bebayen finafinansu suka tafi a dare ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda aka yi da gangan: da magana ta shigo, kamfanoni suka ga tsofaffin ba za su ƙara kawo kuɗi ba, suka riƙa narka su don a tatsi azurfar da ke jiki.

Amma ana tsintuwa. A 1978 masu haƙa a garin Dawson na arewacin Kanada suka tono naɗin fim 533 daga wani tsohon wurin ninƙaya da aka cike da su a 1929. Garin ne ƙarshen hanya, mayar da su ya fi ƙarfin darajarsu, ƙanƙarar ƙasa kuma ta adana su. Fim ɗin Dreyer da na ambata, asalinsa gobara ta cinye, sai a 1981 aka tsinci cikakken kwafi a ɗakin ajiyar wani asibitin masu taɓin hankali kusa da Oslo. Metropolis na Fritz Lang, 1927, an daddatse shi tun shekarar da ya fito, aka haƙura da abin da aka yanke, sai ga shi a 2008 a wani gidan adana finafinai na Buenos Aires a Ajantina, da ƙarin kusan minti 25. In ka kalli gyaran 2010 za ka gane wuraren da idonka: hoton zai ɗan ƙanƙance, zane-zane su sauko kamar ruwan sama, sai ga ɗan leƙen asirin da mai mulkin birnin ya sa ya bi sawun ɗansa, mutumin da shekara tamanin masu kallo ba su san me yake yi a labarin ba. Na fi ƙaunar wuraren nan masu zane a kan sauran fim ɗin duka.

Ranar da aka buɗe wani gwangwani aka ga Alam Ara a ciki, in Allah ya kai mu, a wannan fili zan sanar da kai.